Kyankyason kogon Simandu ne wannan, ko na sito?

Bahaushen Hambug: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman idon masana. Wani abokin aikina Bajamushe zai tashi zuwa wani gari, sai ya bar mini robobin ƙwarinsa guda biyu. Ɗaya ta kyankyasan dubiya ce, irin waɗanda nake ba ƙadangarena mai gemu, wannan ba magana. Ɗayar ce ta tsaya mini a rai. A jikin murfin an rubuta "Afrika" kawai, shi kuma ya ce a wajen baje kolin dabbobi na garin Hamm ya saye su tun da daɗewa, sunan da mai sayarwar ya faɗa masa ya shige masa duhu. Ga hotuna nan na ɗora. Launin toka ne da su, manyan suna da fiffike, suna hawan bangon roba sumul kamar ƙasa, kuma ban taɓa ganin jakar ƙwai a yashe ba, 'ya'ya kawai nake gani. Jiya na kama wani babba sai ya yi wata 'yar ƙara siririya a hannuna. Da na bincika sai na ci karo da Simandoa conserfariam, kyankyason kogon Simandu na ƙasar Gini, wanda ake cewa ya ƙare a daji, sai a hannun masu kiwo. Don Allah ku duba mini, shi ne?

Mai Kunama: Wa alaikumus salam. Kai ɗan uwa, in dai shi ne ka tsinci dami a kala! Launin ya yi, girman ma kamar ya yi. Ni na ce shi ne. Ka fara ware mini nawa.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri, kwanan nan aka sa ni a zauren nan. Da gaske kyankyaso ake kiwo? Mu da muke kwana muna zuba fiya-fiya a bayi?

Maman Ilham: Barka da zuwa ƙanina. Wanda kake kashewa a bayi daban, waɗannan daban. Kyankyasai a duniya sun kai nau'i 4,600, waɗanda ke zama a gidajen mutane kuwa ba su wuce 30 ba. Sauran suna daji ne, ƙarƙashin ganye da ɓawon itace da cikin koguna, suna cin abin da ya ruɓe suna mayar da shi taki. Ni tsuntsayena nake ciyarwa da wasu, wasu kuma don sha'awa suke ajiye su. Ka zauna ka sha karatu.

Malamin Samaru: Salamu alaikum. Bahaushen Hambug, na ga hotunanka, na kuma buɗe su a kwamfuta don waya tana rage su. Kafin kowa ya yi murna, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Hoto na farko da na biyu, ban da shakka a kansu, Nauphoeta cinerea ne. Ka dubi garkuwar da ke rufe kansa: akwai wani zane mai ɗigo-ɗigo a tsakiya, sannan baƙin layi ya bi kowane gefe. Ka dubi fiffiken, yana da dabbare-dabbare kamar an yayyafa masa toka, kuma bai kai ƙarshen ciki ba, bayan ya ɗan leƙo waje. Waɗannan alamominsa ne. Tsawonsa ba ya wuce santimita 3. Asalinsa arewa maso gabashin Afirka ne, wajen Sudan da Iritiriya da Masar, jiragen ruwa suka yaɗa shi ƙasashe masu zafi, kuma ana samunsa a sito da injin niƙa da wurin ajiye abincin dabbobi. Tun 1789 aka ba shi suna. A Turai kuwa da kilo ake sayar da shi don ciyar da ƙadangaru. To ka ga wanda ya rubuta "Afrika" a murfi bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗi komai ba.

Haihuwar 'ya'ya da ka ambata ba hujja ba ce. Duk dangin Blaberidae haka suke: macen tana fitar da jakar ƙwai, ta sake janye ta cikin jikinta, ta riƙe har su ƙyanƙyashe. Dubiyarka ma haka take yi. Na bayi ne, wato Periplaneta americana, ke liƙa jakarsa a lungu ya tafi. Hawan bango ma ba hujja ba ne, ƙarar ma haka, don akwai da dama a wannan dangi da ke goga garkuwar wuya da gindin fiffike su fitar da sauti.

Hoto na uku ne ban gamsu da shi ba. Ya yi duhu, kuma babu abin da zan gwada girma da shi.

Mai Kunama: Allah ya gafarta Malam, amma ai ni ma na buɗe hotunan Simandoa a intanet, wallahi kamar an tsaga kara.

Malamin Samaru: Kama da wane ba wane ba ne, ɗana. 'Yan gida ɗaya ne, dukansu Oxyhaloinae, dole su yi kama daga sama. Kuma hotunan intanet ɗin nan, wasu masu sayarwa ne suka ɗora su da sunan da zai kawo kuɗi.

Ɗalibar Ƙwari: Malam, in ƙara a kan naka. Akwai wasu biyu da ya kamata a kawar kafin a kai ga Simandoa, tunda na hoto na uku kamar ya fi sauran girma. Na farko Rhyparobia maderae, wanda ake kira kyankyason Madera, yana kai santimita 4 zuwa 5, shi ma toka-toka ne, shi ma yana ƙara. Amma shi da an taɓa shi yake sakin wani wari mai tayar da zuciya, ba ya ɓuya. Na biyu Henschoutedenia flexivitta, ɗan Afirka ne shi ma, kamar Nauphoeta ne da aka ƙara wa girma. Yaya na Hambug, da ka kama shi ya yi wari?

Bahaushen Hambug: A'a, ban ji wani wari ba. Ƙarar kawai.

Ɗalibar Ƙwari: To wannan ya rage wa Madera ƙarfi. Yanzu ga abin da muke so. Ka kama shi wannan babban shi kaɗai, ka sa a kofin gilashi mai murfi, ka saka a firji na 'yan mintuna, ƙasan firjin ba wajen ƙanƙara ba. Sanyi zai kashe masa jiki ya natsu, in ya ji ɗumi zai warware. Sai ka ɗora shi a farar takarda kusa da taga, da hasken rana, kada ka kunna fitilar waya don tana wanke launi. Ka ajiye rula a gefensa. Hoto ɗaya daga sama, ɗaya na garkuwar wuya kusa-kusa, ɗaya na fuska, sannan mafi muhimmanci ka juya shi mu ga cikinsa da ƙafafunsa. Shi Simandoa a ciki ake gane shi: baƙi ne da ratsin fari mai ɗan rawaya layi-layi, ƙafafun kuma ja-ja ne kamar ruwan goro. Nauphoeta ba shi da wannan adon.

Ka ɗauki ƙarshen cikin ma daga ƙasa, mu san mace ce ko namiji. Ta mace faranti ɗaya ne babba mai faɗi a ƙarshe, na namiji ƙanana ne a jere.

Sabon Shiga: Ni dai tambayata, me ya sa wannan ɗin ya fi sauran daraja? Kyankyaso ai kyankyaso ne.

Malamin Samaru: Tambaya ce mai kyau. A ƙarshen 2002 wata tawagar masana ta je duwatsun Simandu a kudu maso gabashin Gini, yankin dajin Pic de Fon, ƙarƙashin ƙungiyar Conservation International, don su ƙidaya halittun wurin. A cikinsu akwai Piotr Naskrecki, masanin ƙwari ɗan asalin Folan. A wani kogo da jemagu ke kwana ya sami wannan kyankyason yana rayuwa a kan kashinsu. Ya kai wa Louis Roth na Jami'ar Harvard, dattijon da ya ƙarar da rayuwarsa a nazarin kyankyasai, suka tabbatar ba nau'i kaɗai ba, jinsin ma sabo ne ga ilimi. Roth ya rasu a 2003, takardar da ta ba shi suna ta fito a 2004. Daga kogon nan ɗaya kaɗai aka san shi, kuma labarin da ya bazu shi ne aikin haƙar ma'adinai ya lalata kogon daga baya. Waɗanda aka ɗebo da rai ne suka hayayyafa, aka rarraba wa masu kiwo a Amurka da Turai. Duk wanda ke cikin roba a yau jikan waɗancan ne.

Mai Kunama: Haka na karanta, wai masu haƙar bosait, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, su ne suka rusa kogon.

Alhajin Kumasi: Salamu alaikum yara. Ni ban san ƙwari ba, jikana ne ya sa ni a nan saboda tsuntsaye, amma Gini na santa, na yi fatauci a can. Wannan magana ta bosait da kuke ta maimaitawa ku gyara ta. Bosait a yamma yake, wajen Boke da Sangaredi da Kindiya, kusa da teku. Simandu kuwa tama ce, dutsen ƙarfe, kuma yana cikin mafi girma da kyau a duniya. Can ƙuryar ƙasar yake, wajen Beyla, hanyar Nzerekore. Saboda tamar nan ce aka shimfiɗa layin dogo sama da kilomita 600 har bakin teku. Wanda ya fara rubuta bosait wataƙila ya ji an ce Gini ne sai ya ɗauka duk ma'adininta ɗaya ne, sauran kuma suka kwafa.

Malamin Samaru: Mun gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa ya shafi zancenmu kai tsaye. In bayani kan dutse guda, wanda ke kan taswira kowa na iya dubawa, ya yi ta yawo a karkace shekara da shekaru, to ina ga sunan ƙwaro da aka rubuta a murfin roba?

Ɗalibar Ƙwari: Ni kuma Malam, da izininka, maganar "ya ƙare a daji" ce ban cika sakin jiki da ita ba. Ku dubi halittarsa. Ƙwarin da suka daɗe a can cikin kogo yawanci idonsu ya shafe, launinsu ya koɗe, fiffikensu ya ragu. Wannan kuwa idonsa garau, fiffikensa cikakke, ga ado a ciki. A ganina mai shiga kogo ne don abinci, ba wanda kogo ya haɗiye ba. Duwatsun Simandu sun miƙe sama da kilomita 100, ga duwatsun Nimba da Ziama a maƙwabtaka, ga iyakar Laberiya da Kodebuwa. Wa ya bi waɗannan kogunan ɗaya bayan ɗaya da fitila yana neman kyankyaso? Rashin gani a wurin da ba a duba ba ai ba ƙarewa ba ne.

Malamin Samaru: Ban ƙi ta taki ba, 'yata, kuma ina fatan ke ce da gaskiya. Amma ki lura da inda maganar za ta kai mu. In muka ce wataƙila yana nan a daji, mai kiwo zai saki jiki, ya bar robarsa ta cakuɗe ko ta mutu. In muka ɗauka babu shi sai a hannunmu, kuma daga baya aka gano shi a wani kogo, ba mu yi asarar komai ba. Har ranar da wani zai fito da shi daga daji da hujja, ni ina ɗaukar abin da ke roba a matsayin shi ke nan.

Ɗalibar Ƙwari: Wajen kiwo na yarda. Wajen rubutu ne nake so a riƙa cewa "ba a sake ganinsa ba", don kalmar ƙarewa tana sa masu ba da kuɗin bincike su rufe littafi, babu mai tura ɗalibi neman abin da aka riga aka yi wa ta'aziyya.

Maman Ilham: Ku biyun duk kuna da hujja. Mu jira hotuna.

Bahaushen Hambug: Na dawo daga aiki, na yi yadda kika ce. Ga su nan. Da na zazzage robar gaba ɗaya a baho sai na ga ashe ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa ƙanana ne masu dabbare-dabbare, na auna wasu, santimita 2.5 zuwa kusan 3. Amma a ƙarƙashin kiret ɗin ƙwai na ƙasa akwai wasu manya guda 7 da suka lafe wuri ɗaya. Wanda na auna ya ɗan haura santimita 4. Ku dubi cikinsa. Akwai kuma wani fari fat, ko shi ma wani iri ne?

Mai Kunama: Allahu Akbar! Ga ratsin nan, ga jan ƙafa! Malam, yanzu fa?

Maman Ilham: Farin nan saɓa ya yi, ƙanina. Duk kyankyaso in ya tuɓe tsohuwar fata fari yake fitowa, jikinsa laushi, cikin 'yan sa'o'i launinsa ke dawowa. Kada ka taɓa shi yanzu, ka bar shi ya bushe.

Malamin Samaru: Yanzu zance ya canza. Wannan na hoton ba Nauphoeta ba ne, ba kuma Madera ba ne. Girman, ratsin cikin, launin ƙafafun, duk sun dace da Simandoa conserfariam, kuma namiji ne. Zan ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Ba zan ce tabbas ba, kuma ga dalilina. A kyankyasai, hukuncin ƙarshe a al'aurar namiji yake. Akwai wasu ƙananan ƙugiyoyi da faranti a ciki waɗanda siffarsu ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, sai an fiɗa an duba a madubin ƙara girma an gwada da zanen da ke takardar 2004. Afirka ta Yamma cike take da 'yan wannan gida da ba a gama tantancewa ba, hoto ba ya raba su duka.

Ba sai ka kashe ko ɗaya ba. Ranar da wani namiji ya mutu da kansa, ka ɗauke shi tun bai ruɓe ba ka jefa a kwalba da sifirit mai ƙarfin kashi 70. In kana son a yi gwajin ƙwayar halitta, ka cire ƙafa ɗaya ka sa a mai kashi 95 ko fiye. Ka rubuta takarda da fensir, don biro yana narkewa, ka saka cikin kwalbar: inda aka samo, kwanan wata, sunanka. A Hambug ɗin da kake akwai gidan adana dabbobi na kimiyya mai sashen ƙwari, ka rubuta musu. Ka kuma ɗora hotunan a iNaturalist, shafin da ake tara hotunan halittu a tantance su, amma ka nuna cewa na kiwo ne, kada taswira ta nuna wai an tsince shi a dajin Jamus.

Sai dai ba sunan ne ya fi damuna yanzu ba. Bakwai a cikin ɗaruruwa! Ka san abin da ya faru a robar nan? Nauphoeta ɓarawon gida ne a wajen masu kiwo. 'Ya'yansa ƙanana suna bin bango su fita ta ramin iska su faɗa robar maƙwabta. Mace ɗaya tana zubar da 'ya'ya wajen 30 a haihuwa guda, kuma an tabbatar wani lokaci tana iya haihuwa ko ba namiji. Ina kyautata zaton robar nan ta Simandoa ce tun asali, baƙin suka shigo suka cinye abinci da wurin ɓuya. Da abokinka ya ƙara shekara bai tashi ba, da ba ka tarar da ko ɗaya ba.

Bahaushen Hambug: Innalillahi. To Malam me zan yi a daren nan?

Malamin Samaru: Sabuwar roba, sabuwar ƙasa, sabon kiret. Kada ka ɗauki komai daga tsohuwar sai su bakwai ɗin, kuma ka duba jikin kowanne kada wani ɗan baƙo ya maƙale. Ka shafa Vaseline zagaye da bakin robar ta ciki, faɗin yatsu uku, ka rufe ramukan iska da raga mai ƙananan ido. Ka kai ta wani ɗaki daban. Ɗumi tsakanin digiri 24 da 28 na ma'aunin Selshiyos, gefe ɗaya da ɗan danshi, ɗayan a bushe. Busasshen ganye, ɓawon itace, 'ya'yan itace kaɗan, da ɗan abincin kifi ko na kare. Abin da ba su cinye ba ka kwashe kafin ya yi fumfuna.

Ɗalibar Ƙwari: Kuma Yaya kada ka ba ƙadangarenka ko ɗaya daga tsohuwar robar tukuna. A cikin ƙananan da ba su yi fiffike ba akwai yiwuwar 'ya'yan Simandoa. Nasa sun fi duhu da sheƙi, ƙafafunsu na ɗaukar ja. Aiki ne kamar tsintar tsakuwa a shinkafa, amma kowane ɗaya da ka tsamo yana da amfani. Waɗanda kake shakka ka sa su a roba ta uku su girma, fiffike zai raba gardama. Ka duba mana bakwai ɗin ma, mata nawa ne.

Maman Ilham: Ni abin da zan roƙa shi ne lakabi. Ka rubuta a jikin robar, ba a murfi kaɗai ba, don murfi yana sauya roba. Kuma ka rubuta gaskiyar abin da ka sani: ana zaton Simandoa conserfariam ne, ba a tabbatar ba, daga Hamm, an same shi cakuɗe da Nauphoeta. Mun ga abin da sakaci ya yi wa manyan kyankyasan Madagaska masu huci. An yi ta haɗa nau'o'in Gromphadorhina a roba ɗaya suna barbarar juna, yau da wuya ka sami wanda zai rantse nasa tsantsa ne. Haka aka yi da wasu Blaberus. Duk daga "ai kamar shi ne" abin ya faro.

Mai Kunama: To shi ke nan, in sun yi yawa a aiko mana Jos. Abin kunya ne a ce ƙwaron Afirka ta Yamma yana Jamus da Amurka, mu nan ko a hoto sai an nuna mana.

Malamin Samaru: Zafin da kake ji ni ma ina jinsa, na daɗe da shi. Amma ba ta jakar matafiyi ba. Shigo da ƙwaro mai rai yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona, kuma dokar tana da dalili. A Jamus in ɗaya ya tsere, sanyin hunturu zai gama da shi. A Jos ko Kaduna gida ya zo. Dubiya ma da kuke gani ba ta hawan bango, an hana shigar da ita Fulorida da Kanada saboda irin wannan tsoron. Shi kansa na bayin da Sabon Shiga ke yaƙa, daga Afirka jiragen ruwa suka kai shi Amurka har ya ɗauki sunanta. In za a dawo da Simandoa wannan yanki, ta hannun jami'a ko cibiyar bincike ya kamata, da takardu, kuma 'yan Gini ne suka fi kowa haƙƙi a kansa.

Kai kuma da ke Jos, duwatsu da koguna sun kewaye ka. Wanda ke ƙarƙashin dutsen bayan gidanku, wa ya taɓa auna shi ya ɗauki hoton cikinsa? Muna da ma'ajiyar ƙwari a nan Samaru, akwai wata babba a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Kwatano, kuma abin da aka fi tarawa a irin waɗannan wurare ƙwarin gona ne. Ka fara tara na Filato da lakabi mai kyau, ni zan karɓa.

Alhajin Kumasi: In za ku shiga kogon jemagu ku rufe hanci da baki, kuma kada yaro ya shiga shi kaɗai. Ƙurar kashinsu tana kama ƙirji.

Mai Kunama: An gama Alhaji. Malam, kwalbar magani ta gilashi za ta yi, ko sai ta musamman?

Malamin Samaru: Za ta yi, in dai murfin yana kamawa sosai. Kowane wuri da kwalbarsa.

Bahaushen Hambug: Na juya su duka na duba. Mata 3, maza 4, kuma ɗaya daga matan cikinta ya kumbura sosai. Sun koma sabuwar roba, na kai ta ɗakin kwana. A cikin ƙananan na tsamo masu duhu da jan ƙafa guda 11 zuwa yanzu, ban kai rabin bahon ba. Ɗalibar Ƙwari, zan ɗora hotonsu gobe da rana ki duba mini kafin in haɗa su da manyan.

Ɗalibar Ƙwari: Kada ka haɗa su ko na ce sun yi kama. Roba ta uku, sai sun yi fiffike.